Alamar Mai Dawowa

"Kada ki motsa!"

Auta ba ta motsa ba. Ko ba a ce mata ba, ba za ta iya ba. Ƙafarta ta dama ta riga ta sauka a kan wani abu mai laushi, wanda ya saki wata 'yar ƙara kamar mai ajiyar zuciya.

"Mene ne?" ta tambaya, idonta a sama, don ba ta da ƙarfin halin duba ƙasa.

"Famfas ne."

"Sabo?"

"Ya danganta da abin da kike nufi da sabo... Na yau ne dai."

"Innalillahi!"

Wasu 'yan matan soyayyarsu kan fara da haɗa ido a ɗakin karatu. Ta Auta ta fara ne a kan turbar tudun bayan gari, da kashin jaririn da ba ta ma san iyayensa ba.

Abin ya fi muni saboda ita ce. Shekara huɗu tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ta ga abin da ke iyo a cikin ɗigon ruwa guda, kuma tun ranar ba ta sake yarda da duniya ba. Kwalbar sanitaiza, maganin kashe ƙwayoyin cuta, uku gare ta: ta jaka, ta mota, da ta ko-ta-kwana. Abokan aikinta ne suka jawo ta hawan tudu, wai ta sha iska mai tsabta, sannan suka wuce gaba suna ɗaukar hoto suka manta da ita.

Mai maganar ya ajiye gwangwanin fenti da buhun da ke kafaɗarsa. Ya sa wata sanda mai ƙugiya ya janye abin daga ƙarƙashin takalminta, ya jefa a buhu kamar wanda ya tsinci gyale. Sannan ya durƙusa ya tsiyaya mata ruwan gorarsa a kan takalmin.

Auta ta fesa wa takalmin sanitaiza. Ta fesa wa hannunta. Ta ɗan yi tunani, ta fesa masa shi ma.

"Na gode," ya ce yana goge ido.

"Wannan ne aikinka?"

"Rabinsa. Ɗaya rabin fenti ne."

"Kuma ba ka jin ƙyama?"

"Ina ji mana. Shi ya sa nake kwashewa."

Ta so ta ba shi amsa, ba ta samu ba. Wannan ya ɓata mata rai har ta dawo Asabar ta gaba don ta ba shi amsar. Ta sake dawowa ta bayanta. Amsar dai har yau ba ta samu ba.

Ma'aikatan gandun daji Mai Fenti suke ce masa, duk da digirinsa na ilimin itatuwa da ke kwance a ƙarƙashin katifa. Shi ke sa wa hanyoyin alama: ja zuwa ƙolin tudu, rawaya zuwa cikin kurmi, shuɗi zuwa bakin tafki. Shi ke kuma bin bayan mutanen birni, waɗanda ke zuwa don ƙaunar kyawun daji, su bar masa robobi, ledoji, ƙasusuwa da abin da ba a faɗa.

Wata rana ta ga ya shafa wa bishiya shuɗi, ya zagaya bayanta ya sake shafawa.

"Ɓarnar fenti," ta ce.

"Na gaba na mai tafiya ne. Na baya na mai dawowa."

"Ai wanda ya je ya san hanyar komawa."

"Haka kowa ke zato, zuciyata. Daji fuska biyu gare shi. Ki juya ki gani."

Ta juya. Hanyar da suka biyo yanzun nan ta zama wata baƙuwa, duwatsun sun canza kama, bishiyoyin duk iri ɗaya. Sai ɗigon shuɗin nan kawai, daidai saitin idonta.

"Me ya sa kake yin su ƙasa-ƙasa haka?"

"Dogo zai iya sunkuyawa. Gajere ba ya iya ƙara tsawo."

"Da ni kake?"

"Ni na isa, rabin raina? Tun kafin na san ki nake yi wa gajeru hidima."

Ta harare shi. Ta lura cewa yau ba ta fesa masa komai ba, ta ji tsoron kanta.

A gida kuwa, labarin bai samu irin wannan tarba ba.

"Ɗan bola!"

Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta gaji matsayin uwa bayan rasuwar Mama ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ta toshe hanci da gefen mayafi, alhali Mai Fenti yana can nisan kilomita ashirin.

"Gwaggo, ma'aikacin gandun daji ne..."

"Yana tsintar shara ko ba ya tsinta?"

"Yana tsinta, amma..."

"To ɗan bola! Ke da ba kya shan ruwa a kofina sai kin ɗauraye sau uku? Ke ce za ki wanke rigar mai kwashe kashin yara? Ga ɗan'uwanki nan, mutum har mutum, ƙamshinsa na riga shi shigowa ɗaki!"

Ɗan'uwan, wato Injiniya, ɗan Gwaggo tilo, ya gyara zama ya karkaɗa makullin mota. Dogo ne ƙwarai, irin tsawon da ke sa mutum ya ɗauka ra'ayinsa ma ya fi na kowa tsawo. Ƙamshin nasa kuwa gaskiya ne. Yana riga shi shiga, kuma ba ya bin sa fita.

"Bar ta, Umma," ya ce. "Yarinta ce. Auta, 'yar lelena, ni ba na fushi. Idan kin gama yawon dajin ina nan."

"Yaya, kada ka gaji da zama."

Baba ya ninke jaridarsa gida huɗu. Tsohon sufeton makarantu ne. Shekara talatin ya yi yana shiga aji ba sallama, kuma bai taɓa yarda da abin da malami ya faɗa game da kansa ba.

"Ba na auna mutum da baki," ya ce. "Aikinsa zan duba. Likita ma ya dame ni da maganar tafiyar ƙasa. Ranar Asabar za mu bi wannan shuɗiyar hanya tasa har tafkin."

"Sai ya zo ya raka mu, Baba!"

"A'a. Ya jira mu a can. Idan alamar kirki ce, ba ta buƙatar mai ita ya tsaya kusa yana yi mata bayani. In mun isa, ya turo iyayensa. In ba mu isa ba, kada na sake jin zancen."

Auta ta amince da sauri, don ta san hanyar: tafiyar minti arba'in ce, ko makaho ya bi ta da sanda. Ba ta lura da yadda makullin Injiniya ya daina kaɗawa ba.

Asabar ta zo da rana tas, ko gajimare babu.

Gwaggo ta ce sai ta je, don ta ga faɗuwar ɗan bola da idonta. Ta zo cikin sabon farin takalmi mai duwatsu da jaka cike da biskit, alewa da ruwan roba, kamar mai shirin ƙetare sahara. Tun daga bakin ƙofar gandun ta fara ci tana yarwa.

"Gwaggo, ga kwandon shara can..."

"Ai surukin naki zai kwashe. Kada mu hana shi abinci."

Injiniya ya fito daga mota cikin dogayen takalman roba har gwiwa. Auta ta kalle su, ta kalli busasshiyar ƙasa, ta ɗauka wani sabon salon gayu ne. A wurin Yaya komai na iya faruwa.

Rabin farko ya tafi lafiya. Baba na gaba da sandarsa, yana tsayawa a kowace alama yana dubawa kamar littafin rajista. Har ya ce "Hmm" sau biyu, wanda a bakinsa yabo ne mai yawa.

Sai suka iso wani babban dutse inda hanya ta rabu biyu. Ta dama an tare ta da busassun rassa. A hagu kuwa ga shuɗi nan ɓaro-ɓaro a jikin bishiya, ga wani a gabansa, ga wani.

Auta ta tsaya.

"Kamar dama muke bi..."

"Me alamar ta ce?" in ji Baba.

"Hagu. Amma wataƙila..."

"Alamar na zo dubawa, ba ƙwaƙwalwarki ba."

Ta gyaɗa kai. Ta san Mai Fenti yakan karkatar da hanya idan bishiya ta faɗi. Suka bi hagu.

Hanyar ta fara gangara. Ciyawa ta yi tsawo. Iskar ta sauya, da farko kamar an manta ƙwai a mota, daga baya kamar an manta motar ma gaba ɗaya a cikin ƙwan. Ƙudaje masu koren baya suka fito tarbar baƙi.

"Wannan wane irin wari ne?" Gwaggo ta ce, ta yar da ledar biskit.

Taku uku bayan haka ƙasa ta daina zama ƙasa.

Auta ce ta fara nutsewa, har ƙwauri. Baƙin caɓi ne mai sanyi, mai kumfa a sama, inda magudanar dattin wata unguwa ke zuwa ta huta. Ga tsumma, ga gashi, ga mushen wani abu da a da yake da ƙafa huɗu. Ita da ta san sunan kowace ƙwayar cuta da ke cikinsa, har da na kakanninsu, ta ji suna yi mata maraba ta tsakanin yatsu.

"Wayyo Allah! Takalmina!"

Gwaggo ta zaro ƙafa ɗaya, takalmin ya zauna a ƙasa. Ta zaro ɗayar, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ta yi baya-baya, ta zauna daɓas.

Baba bai faɗi ba, amma ya jingina da sandarsa yana haki, fuskarsa ta yi wani iri. Wannan ne ya fi tsorata Auta. Ta ja shi zuwa kan wani kututture, ta lalubo maganinsa a aljihu ta sa masa a baki da hannun da ba ta ko fesa wa komai ba.

"Kawu, ka gani ko?" Injiniya ya ce daga tsaye, ƙafafunsa a bushe cikin roba. "Aikin ke nan. Mutumin da za a ba amanar 'ya! Da wani abu ya same ka fa?"

Auta ta ji wani abu ya taso mata wanda ya fi warin ɗaci. Ita ce fa ta tsaya a gaban mahaifinta ta yi rantsuwa a kan Mai Fenti. Ta jure buhunsa, ta jure ƙugiyarsa, ta koyi son ƙamshin fenti. Abu ɗaya aka ce ya yi, abu ɗaya tak! Ta ciro wayarta don ta gaya masa kada ya sake kiran ta zuciyarsa, ta tarar babu sabis. Ko rabuwa ma wurin bai yarda a yi cikin mutunci ba.

"Kada ku damu," in ji Injiniya, ya buga ƙirji. "Ni zan fitar da ku. Ku biyo ni."

Ya juya.

Ya tsaya.

Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya ɗaga wayarsa sama kamar mai roƙon ruwa. Ciyawar da suka ratsa ta miƙe ta rufe, bishiyoyin duk sun zama iri ɗaya.

"Ta nan ne... a'a, ta can... Ai jiya ta nan na..."

Ya haɗiye sauran.

Auta ma ta juya, tana neman shuɗin da zai mai da su gida. Babu. Bishiya ta farko, babu. Ta biyu, babu. Ta ja ƙafa cikin caɓin ta zagaya gaban wata, ga shuɗi can sama, sai da ta ɗaga kai har wuyanta ya yi ƙara. Ta koma bayanta. Fes, ko ɗigo.

Ta juyo wajen mahaifinta da sauri.

"Baba... ba shi ya yi waɗannan ba."

"Soyayya dai!" in ji Gwaggo daga zaune.

"Baba, alamomin farko da ka duba, ina suke?"

Baba ya numfasa. "Gaba da baya. Na lura. Daidai kafaɗata."

"Waɗannan fa?"

Tsohon sufeto ya tashi a hankali. Ya je ya duba bishiyar, gaba da baya. Ya miƙa sandarsa, da ƙyar kanta ya taɓo fentin. Ya dawo da ita da ɗan shuɗi a baki, don bai gama bushewa ba. Sannan ya auna tsayin alamar da ido, ya juya ya auna ɗan yayarsa, daga kai har zuwa dogayen takalman roba.

"Jiya ta nan ka me?"

"Kawu, ni fa..."

"Miƙo hannunka."

"Wallahi tawadar biro ce!"

"Ban ce komai ba tukuna."

A gefen farcen babban yatsa, inda sabulu da turare suka kasa kaiwa, ga shuɗi nan kwance.

Kowa ya jira fushin Baba. Amma Gwaggo ce ta riga shi. Ta dubi ƙafafunta tsirara cikin baƙin caɓi, inda wani matsattsaku ya riga ya kama aiki a idon sawu. Ta dubi takalman ɗanta.

"Kai... ka san da wannan ƙazantar?"

"Umma, don ke na yi, ke kika ce..."

"Ka sani, ka sayo wa kanka na roba, ka bar ni na sa farin takalmina? Ni? Ni da na haife ka?"

"Na manta ne, Umma..."

"Ka manta! Zo nan! Zo nan na ce, ɗan banza mai tsawon wofi!"

Ta dumbuzo caɓi da hannu biyu ta watsa masa. Ƙamshin Injiniya, wanda ya yi shekaru yana riga shi shiga ko'ina, a nan ya gamu da ajalinsa.

Suna cikin haka suka ji motsi a ciyawa, da wata ƙara da Auta ta sani: ƙugiya, buhu, ƙugiya, buhu.

Mai Fenti ya ɓullo yana gumi, ledar biskit a bakin sandarsa.

"Baba! Ranka ya daɗe, lafiya? Zuciyata, kin ji ciwo?"

"Yaya aka yi ka same mu?" in ji Auta.

"Na ga kun wuce lokaci, na biyo hanya. A wajen dutse na ga an tare dama, ga fentin da ba nawa ba. Na tsaya ina tunani, sai na ga wannan." Ya ɗaga ledar. "Daga nan kuma duk taku goma akwai ɗaya. Bawon alewa, robar ruwa... Allah ya saka wa mai yarwar, ban taɓa ganin alama mai kyau haka ba."

Gwaggo ta buɗe baki, ta rufe. Karon farko ke nan a tarihin gidan.

Mai Fenti bai tambayi wanda ya yi fentin ba. Ya dubi Injiniya sau ɗaya, ya ga an riga an yi masa hukunci. Ya durƙusa gaban Gwaggo, ya sa gefen farce ya ɓamɓare matsattsakun, ya wanke wurin da ruwan gorarsa. Sannan ya cire takalmansa ya ajiye mata.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba sabbi ba ne."

Ta kalli takalman ɗan bola. Ta kalli ƙayoyin hanya. Ta sa.

Mai Fenti ne ya riƙe hannun Baba har suka hau tudu, yana tafe da safa kawai. Suka cire rassan, suka bi dama. Minti goma sai ga tafkin, shimfiɗe tsakanin duwatsu, shuɗi kamar ba a cikin duniyar da ke da wancan caɓin yake ba.

Baba ya zauna a benci ya daɗe yana kallon ruwa.

"Na ce in ba mu isa ba, kada na sake jin zancen," ya ce.

Auta ta zuba masa ido.

"Ga shi mun isa." Ya juya ga Mai Fenti. "Wa ya koya maka shafa wa bayan bishiya?"

"Babu kowa, Baba. Na taɓa ɓata ne."

"Hmm. Na duba makarantu sun fi ɗari uku. Kowa gaban gini yake wa fenti." Ya goge sandarsa da ciyawa. "Ka turo iyayenka. Amma ka yi wanka tukuna. Mu ma za mu yi."

"Baba!" Auta ta rufe fuska, ta tuna abin da ke hannunta, ta buɗe da sauri.

"Kai kuma," Baba ya nuna Injiniya, wanda ke tsaye nesa inda iska ta yarda da shi, "gobe ka dawo ka kankare ƙaryarka daga jikin bishiyoyin nan. Tunda kai kaɗai ke kaiwa."

Auta ta lalubo sanitaizar jaka, ta matsa. Babu komai. Ta ko-ta-kwana kuwa ta faɗa caɓi, tana can tare da takalman Gwaggo. Ta tsaya a bakin tafkin, baƙa har gwiwa, tana wari kamar bayan kasuwa, kuma Mai Fenti yana kallon ta kamar an saukar da ita daga sama.

"Kin yi kyau," ya ce.

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake. Amma ina son ki."

"Na kusa rabuwa da kai ɗazu. Sabis ne ya hana."

"Allah ya ƙara lalata shi."

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. A gindin bencin, daidai inda masoya ke zama su kalli faɗuwar rana, wani ya bar musu tsaraba a naɗe.

"Kada ka ce min..."

"Famfas ne."

"Mutane dai! Wallahi mutane abin ƙyama ne!"

"Sosai."

Ya sa ƙugiya ya ɗago shi, ya laluba kafaɗarsa da ɗaya hannun. Buhun ba ya nan.

Yana hannun Auta. Ta buɗe bakinsa da yatsu biyu, ta miƙa shi iya tsawon hannunta, ta kau da kai har tana kallon wani gari.

"Zuba, masoyi," ta ce ta cikin hanci. "Amma wallahi in ya taɓa ni, an fasa."